Kafiretar Motar Baba

Motar Baba ta yi shekara goma sha ɗaya ƙarƙashin rumfar kwano a bayan gidanmu na Daura, kaji na ƙwai a cikinta. Ja ce, gajeriya, marar rufi, irin ta tsere. Tun yana saurayi ya saye ta daga hannun wani Bature da ya zo aikin hanya, ya gama zai koma ƙasarsu. Abin da ya kwantar da ita kafireta ce, wadda ke gauraya mai da iska kafin su shiga inji. Gangar jikinta ce ta tsage, mai na zuba. An liƙe da gam, an kai wa mai walda, duk a banza.

Da tsufa ya fara kama Baba sai ya riƙa cewa yana so ya sake jin kukan motar. Ni ne babba, ni ne kuma malamin makaranta a gidan, don haka na ɗora wa kaina nemo wata kafiretar. Na kwance tsohuwar na naɗe a tsumma, duk hutu ina kan hanya. Na bi masu kayan gyaran mota a Kano rumfa-rumfa, na je Katsina, na je Kaduna. Wani ya juya ta a hannu ya yi dariya, ya ce, "Malam, wannan ai ta girme ni." Wani abokina ya aiko mini da wata daga Legas, ramukan kusoshinta suka ƙi dacewa. Shekara biyu ina wannan yawo.

Ƙanena, autan gidanmu, bai taɓa tambayata inda aka kwana ba. Shi fataucin raguna yake yi a kasuwar Mai'adua, wani lokaci ya tsallaka ta Kongolam ya shiga ƙauyukan Nijar. Ko bambancin kafireta da lagireto ban yi zaton ya sani ba.

Wata Litinin da la'asar muna zaune a zaure da Baba sai ga shi ya shigo yana warin dabbobi, ya ajiye wani ƙulli a gabana.

"Yaya, duba mini wannan. Ko ita ce kake nema?"

Na kwance. Ita ce. Ta yi ƙura, zanzaro ya yi gini a bakinta, amma babu tsagi ko ɗaya. Na ɗauko tsohuwar na jera su, ina ta juyawa ko zan ga wani bambanci.

"A ina ka samo?" in ji Baba, har ya gyara zama.

"Wani ƙauye ne a tsallake, Baba. Ina jiran motar da za ta kwashi ragunana sai na hango gawar mota a bayan injin niƙa, awaki na hawa. Fitilunta na gani irin na taka. Mai ita ya ce in kwance abin da nake so, in yi masa addu'a kawai."

Baba ya kama hannunsa ya daɗe yana sa masa albarka. Na ce, "Sai dai an gwada tukuna." Babu wanda ya kula ni. Na ji kunyar maganar, amma har ga Allah a ranar so nake ta ƙi dacewa.

Bakanike ya wanke ta da fetur, ya sauya mata roba, ya ɗaura. Kwana uku yana fama da sauran injin. Ranar da motar ta tashi, maƙwabta suka cika ƙofar gida. Baba ya sa babbar riga. Ni na wanke motar da hannuna, na riƙe mabuɗin. Kujera biyu ce kawai gare ta. Baba ya shiga ɗaya, ya dube ni ya ce, "Ba ƙanenka mabuɗin, shi Allah ya nufa."

Na miƙa masa. Na tsaya cikin jama'a ina murmushin dole har suka sha kwana. Duk wanda ya zo wucewa sai ya ce mini, "Kai, ƙanen nan naka akwai ƙoƙari!" ni kuwa in ce, "Ƙwarai kuwa." Na shiga gida na ce wa matata kaina ke ciwo. Ta dube ni, ta ce, "Ko dai zuciya?"

Ranar Asabar da safe ƙanena ya yi sallama, ya jefo mini mabuɗin.

"Yaya, zo ka kai ni Sandamu. Ni tsoronta nake ji, giyarta ta fi ƙarfina."

Na san ƙarya yake yi, don na ga yadda ya tuƙa ta. Duk da haka na shiga. Muka bi titi tsakanin gonakin gero, iska na neman cire mana huluna, yana ta ba ni labarin farashin raguna. Ni kuwa na kasa kunne ga injin tun daga Daura har Sandamu, ina jiran in ji ya yi tari ko sau ɗaya. Bai yi ba.