Fumfuna a ɗakina na Agadez

Gyaran portabul nake yi, wato wayar hannu, kuma a shekarar na bi kamiyo, babbar motar kaya, zuwa Tchibarakaten, don masu haƙar zinariya ba sa rabo da fasasshen ekaran, gilashin fuskar waya. Na kulle ɗakin da nake haya a tsohon kartiye, unguwar asali, na tafi. Can na ji labari an yi ruwa a Agadez irin wanda tsofaffi suka jima ba su gani ba.

Da na dawo na buɗe ƙofa, wari ne ya fara tarbata, warin ƙasa mai danshi kamar na garinmu a kudu. Na haska fitilar portabul. Bangon gabas duk ya yi gashi. Fumfuna ce, fara da koriya da baƙa, zobe cikin zobe, tun daga azara har bayan katifata. A garin da kake shanya riga ta bushe kafin ka gama alwala. Wallahi na daɗe tsaye ina kallo.

Mai gidan wata Hajiya ce, tsohuwa, a gidan aka haife ta. Ta leƙo, ta shafa bangon da yatsa, ta shinshina. Ta ce mahaifinta ya gina shi da hannunsa, bai taɓa ruɓewa ba sai a hannuna, don haka in kwashe kayana. A cewarta yaɓe nata ne, amma share indararo na mai ɗaki ne, ni kuwa na bar nawa ya toshe.

Ba ni da wurin zuwa, kuma kusa da kasuwa ɗaki ba ya samuwa. Na ce, "Hajiya, ranar da na shigo ke kika ce ɗan haya namiji ba ya hawa soro, don kada ya hango matan maƙwabta."

Sai ta ce in ɗauko tsani.

Ita ta fara hawa, tana ƙwala wa maƙwabta sallama cewa namiji na tafe. Da kaina ya leƙa sama, sai na ƙame. Soron ya zama fadama. Ciyawa har gwiwa, gero ya tsiro inda tantabarunta ke zubar da tsaba, sheƙarsu kuma ta cika bakin indararon. Duk sauran soraye ja, namu kaɗai kore, hasumiyar masallaci na tsaye can baya.

Hajiya ta tsuguna ta shafa ganyen geron a hankali. Ta ce, "Ikon Allah. Ashe duk wannan na kwance cikin ƙasar, ɗana."

Ba ta sake zancen tashi ba. Ta kira magini ya kankare bangon, ni na cire sheƙar. Geron ta hana a taɓa sai da ya nuna. Yanzu in hadari ya haɗu ni ke hawa, ita kuma tana ƙasa tana ƙwala wa maƙwabta sallama domina.