Bazarar da Saniyar Kaka ta Rame

Shekarar da zan zauna jarrabawar ƙarshe ta likitancin dabbobi, wadda sai mutum ya ci ta ake ba shi izinin taɓa dabbar wani da sunan magani, na bar Yamai da bazara na koma gida Tama don in yi bita. A birni ɗakinmu na ɗalibai ba ya rabo da hayaniya. A gida kuwa akwai garkar kakata a fadama, da wani tsohon mangwaro mai inuwa a bakin rijiya.

Kullum da hantsi nakan shimfiɗa tabarma a gindinsa in baje littattafai. An riga an cire albasa, ƙamshinta ya kama ƙasa da iska, har da takarduna. Ina karantawa, ina rufe ido, ina maimaitawa: wace cuta ke zuwa da zazzaɓi, wacce ke zuwa shiru, wacce ke kashe dabba kafin mai ita ya dawo daga kasuwa. Idan rana ta take, rubutun sai ya soma narkewa. Tsakanin barci da farke nakan ga cututtukan sun fito daga shafi suna wucewa ta gabana a jere kamar garke mai zuwa mashaya. Ga sa mai ciwon huhu ya miƙe wuya, ya buɗe ƙafafun gaba yana nishi. Ga akuya da majina ta liƙe mata hanci. Ga wani jaki ya sandare, kunnuwa a tsaye, wutsiya a ɗage. Kowanne yakan tsaya ya dube ni, yana jira in kira sunan abin da ke damunsa. Wanda na kira daidai sai ya wuce ya shige cikin kawalwalniyar da ke rawa a gindin dutse.

A haka Kaka ta same ni wata rana. Mahaifiyar babana ce, kuma tun ina rarrafe take kirana maigidanta, irin wasan kaka da jika.

"Maigida, tashi. Barci aka tura ka koyo Yamai?" in ji ta.

"Karatu nake, tsohuwa."

"To taho ka karanta mini wagga."

A bayanta akwai saniyarta, ja, irin ta Azawak, ita kaɗai gare ta. Na san ta da sheƙi kamar an shafa mata mai. Ran nan haƙarƙarinta a waje, gashi ya tashi ya dushe, tana tafiya kamar mai taka auduga. A ƙarƙashin haɓarta wani kumburi na reto.

A makaranta na duba dabbobi da yawa, amma ban taɓa duba wadda mai ita ta goya ni ba. Sunayen cututtuka suka taso mini gaba ɗaya, kowanne yana cewa ni ne. Sai na tuna wani mushenmu, wato malaminmu, da yakan riƙe hannun ɗalibi idan ya yi saurin kai shi jikin dabba, ya ce a fara da ido, sannan kunne, hannu daga baya. Na ja da baya na zauna a bakin rijiya, na yi ta kallonta. Numfashinta lafiya. Tana tuƙa, sai dai a kasalance. Ba tari, ba dalala.

"Tun yaushe ta soma ramewa, Kaka?"

"Tun bayan da aka kai hatsi rumbu. Kaɗan-kaɗan, kamar gishiri cikin ruwa."

"Tana cin abinci?"

"Tana ci. Dussa, harawa, ba abin da na hana mata. Ban san inda shika zuwa ba."

"Ina take shan ruwa?"

Ta nuna gabas da haɓa, wajen tabkin da ƙorama kan bari bayan damina, inda ciyawa ke zama ɗanya har tsakiyar rani.

Sannan na tashi na sa mata ma'aunin zafi. Babu zazzaɓi, sai na ji wasu sunayen sun juya sun tafi. Na janye fatar idonta ta ƙasa: inda ya kamata a ga ja, fari ne fat kamar cikin ƙwarya sabuwa. Jini ya ƙare mata. Na lalubi kaluluwa a gaban kafaɗa, ba ta kumbura ba. Na danna kumburin haɓar da yatsa, ya lotsa, ba zafi, ba tauri, ruwa ne kawai ya taru. Na kafa dunƙulen hannu a kwiɓinta na hagu ina jira, har na ji tumbi ya taso a hankali ya ture hannuna ya koma, kamar wani abu mai barci ya juya.

"Mi ta ce maka?" in ji Kaka.

"Abu biyu nake zato. Ko tsutsar ciki, ko tsutsar hanta. Kamanninsu ɗaya a waje, amma ba kowane magani ke kashe ta hanta ba. Sai na ga kashinta a madubin likita."

Kaka ta riƙe baki. "Shekaru ana biɗar ilimi, ashe kashin shanu za a kai Buza bisa moto."

Haka kuwa aka yi. Washegari na ɗaure ɗan kashin a leda, na hau moto, wato babur, muka haura dutse zuwa garin Buza. Daga sama fadamar ta koma wani koren zare a tsakanin jajayen duwatsu. A ofishin kiwo na sami wata madam, likitar dabbobi, mai magana a hankali. Da na gaya mata ni ɗalibi ne, sai ta tura mini kujera ta ce, "To kai za ka yi, ni kallo zan yi." Na dama kashin da ruwa, na tace, na bar shi ya kwanta, na tsiyaye, na sake, har abin da ya rage a gindin kofi ya yi haske. Na ɗiga shi a gilashi na sa ido.

Da farko ban ga komai ba sai wani daji na ɓarɓashin ciyawa, kamar gona bayan girbi an hango ta daga sama. Na yi ta yawo a cikinsa ina murɗa madubin. Can sai ga shi: ƙwai ɗaya, babba, mai ruwan zinari, da ɗan murfi a kansa kamar tulu. Ga wani, ga wani. Suna kwance cikin haske, shiru. Na daɗe ina kallo, har na manta cewa waɗannan kyawawan abubuwa iyayensu ne ke shan jinin saniyar Kaka.

"Me ka gani?" in ji madam.

"Tsutsar hanta."

"Daga ina ta same ta?"

"Daga ciyawar bakin tabki. Ƙwan yakan ƙyanƙyashe a ruwa, ya shiga jikin ƙananan katantanwa, ya fito ya manne a ganye, saniya ta ci."

Ta leƙa madubin, ta gyaɗa kai, ta rubuta mini sunan maganin.

Da na dawo na zagaya ƙirjin saniyar da igiyar awo don in ƙiyasta nauyinta, gudun kada maganin ya gaza ko ya yi yawa. Kaka ta riƙe ƙaho tana yi mata magana ƙasa-ƙasa, ni kuma na ɗura ta gefen baki a hankali don kada ta shaƙe. Na ce ɗan nonon da take bayarwa ba za a sha ba sai maganin ya fita daga jikinta, kuma ita da tabki sai gani daga nesa. Kaka ta yi gunaguni a kan nonon, amma ta bi.

Daga ranar saniyar ta koma ɗaure a gindin mangwaro, kusa da tabarmata. Ni ke ja mata ruwa daga rijiya. Nakan karanta mata babi da ƙarfi, da Faransanci, tana tuƙa tana lumshe ido. Wani lokacin sai in rasa ko ni ke yin bitar ko ita. Sauƙin bai zo da gaggawa ba. Kumburin ne ya fara saɓewa. Daga baya, duk safiyar da na janye fatar idonta sai in ga launin ya ƙaru kaɗan, kamar gabas kafin rana ta fito. Lokacin da hadarin farko ya soma haɗuwa ta wajen Keita, har ta fara fizgar igiya idan ta ji garke na wucewa.

Na koma Yamai na zauna jarrabawa. A jarrabawar baki aka kai ni gaban wani rago mai ɗingishi, malamai na zaune suna kallo. Na tsaya na dube shi, na yi tambayoyina, sannan na durƙusa na ɗaga kofaton, na sami ruɓa a tsakaninsa, na faɗi yadda za a yanke, a wanke, a ɗaure, da allurar da za a yi.

Ina gida sakamako ya fito. Muna gona ana shuka, ƙasa a jiƙe, wani abokina ya kira ni a salula ya ce na ci. Na gaya wa Kaka. Ba ta daina jefa iri a rami ba. Ta rufe da diddige, ta matsa gaba, ta jefa wani, sannan ta ce, "Madalla. Allah shi yi albarka." Sai da muka kai ƙarshen layi ta juya baya ta share ido da bakin zane, ta ce ƙasa ce ta faɗa mata.