Reshen da Aka Sa a Fayil

Mantuwa ta cinye mini abubuwa da dama, har da lambar fayil ɗina ta aiki, amma bakinta bai kai ga ranar da Hajiya Asabe ta shigo gandunmu da rassa uku a naɗe cikin tsohon zane ba. Ku da kuke aiki a gandun yanzu kun matsa mini in rubuta muku wani abu na zamaninmu. To ga shi. Wanda ya ga kuskuren rubutu ya yi haƙuri, mahaifina, Allah ya jiƙansa, shi ya cire ni daga aji huɗu ya kai ni fadamar rake, ya ce a nan ake karatu mai zaƙi.

Ga wanda bai san aikin ba, gandun renon shuke-shuke yana ƙarƙashin sashen gona na ƙaramar hukuma. A sama akwai shugaban sashe, wanda muka fi sanin motarsa a kan fuskarsa. Ƙasa da shi malamin gona, mai zama a ofishin gandu. Sai helma, mai raba aiki da safe. Sai mu leburori, waɗanda ƙasa da mu babu kowa sai ƙasar kanta. Aikinmu cika leda da ƙasa, ban ruwa, da renon mangwaro, gwaiba da darbejiya. Fure kuwa ba mu ɗauke shi shuka ba, tunda ba a ci, ba a shan inuwarsa. In wani ya so a dasa masa abu a gida, sai ya kawo takarda, a buɗe masa fayil, a tura lebura.

A lokacin shekarata goma sha tara a aiki, aka turo mana sabuwar malamar gona, Malama Rakiya. Sa'ar 'yata ce, ga takardun makaranta kamar ta buɗe shago, ga ta kuma Bakanuwa. Ni ko Bazazzagi ne, kun san tsakaninmu da Kanawa sai dai a gaji a bari.

Ranar tsakiyar bazara ce, saura kamar wata guda ruwan farko. Hajiya Asabe tsohuwar ungozoma ce, rabin mutanen Ikara a hannunta suka faɗo duniya, har da 'yata ta fari, wadda ta zo a juye, Hajiya ta yini a kan uwarta har Allah ya raba lafiya. Bayan an gaisa, an tambayi gida da gajiya da zafi, sai ta warware zanen a kan tebur. Rassa uku, kaurinsu kamar rake, launin toka, babu ganye ko ɗaya, bakin kowanne yana fitar da farin ruwa kamar nono.

"Wannan furen Innata ne," in ji ta. "Ita ta dasa bishiyar a gidanmu na Zariya shekarar da ta haife ni. An sayar da gidan, wanda ya saya shaguna zai yi. Jiya na je na tarar an sare ta, an cinna wa kututturen wuta. Waɗannan ukun na tsinta. In suka mutu, ba ni da sauran abin da hannunta ya taɓa."

Malama Rakiya ta ce a takarda sunanta fulumeriya, wasu kuma su ce firanjifani. Na gwada faɗa sau biyu, harshena ya nemi hutu, na koma furen Inna.

Na gyara hula na ce, "Hajiya, ki sa ranki a inuwa. Ni ɗan Taba ne, ƙasar Kudan. Mu sanda muke binnewa ta tashi rake. Kakana ya yi, ubana ya yi. Wannan ai ƙanen rake ne da bai samu zaƙi ba."

Da Hajiya ta tafi, Malama ta ce, "Baba Tanimu, wannan ba rake ba ne. Ka ajiye su a inuwa inda iska ke wucewa, mako biyu, sai bakin yankan ya bushe ya yi ɓawo. Sannan ka dasa a yashi, ka ba su ruwa sau ɗaya, ka manta da su."

"Ranki ya daɗe, a wane shafi aka rubuta a kashe abu kafin a raya shi? Ku Kanawa komai sai kun shanya. Kuɓewa ku shanya, tumatir ku shanya, yau kuma fure."

Ta yi dariya, ta daɗe tana kallona. Sai ta miƙo mini rassa biyu masu kyau, ta ɗauki na ukun, wani karkatacce mai kama da ƙafar kare, ta hau kujera ta ɗora shi a kan kabad ɗin fayil-fayil.

"Wannan na fayil ne."

"Sanda a fayil, Malama?"

"Doka ce. Duk abin da aka kawo sai an ajiye samfur."

Na fita ina ba leburori labari, muka sha dariya. Daga baya na bincika, babu wannan dokar a ko'ina.

A yinin nan na hau acaɓa zuwa gidan Hajiya a Ikara. Tsakar gidan Hajiya ba irin namu ba ne. Ga lalle ya yi fure, ga ɗoɗɗoya a tsofaffin kwanuka, ga furen yasmin ya hau zana, mutum ya shiga sai ya ji kamar ya yi wanka. Na zaɓi wuri mafi daraja a ganina, gefen rijiya, inda ruwan alwala ke kwanciya. Na haƙa, na zuba takin shanu, na cusa rassan nan biyu ɗanyunsu, na kewaye su da kunya don kada ɗigo ɗaya ya gudu. Na kwarara bokiti biyu. Na bar wa mutanen gidan doka: safe da yamma.

Hajiya ta ce, "Malam Tanimu, ni dai ban taɓa ganin Inna tana ba ta ruwa ba."

Na ce, "Lokacin ke yarinya ce, Hajiya, ba ki lura ba."

Duk sanda Malama ta tambaye ni, sai in ce suna nan a inuwa suna shan iska. Allah ya yafe mini.

A mako na uku na je dubawa. Na danna gindin ɗaya, yatsana ya nutse kamar a ruɓaɓɓiyar gwanda. Na zaro shi, ƙasan ya yi baƙi ƙirin, yana wari. Na zaro na biyun, uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Hajiya tana ɗaki tana sallar walha. Ni da na yi shekara goma sha tara ina aikin gwamnati, na mayar da gawawwakin nan rami, na tsayar da su tsaf, na sulale kamar ɓarawon kaza.

Shaiɗan ya same ni a hanya da shawara. Ya ce in tafi Zariya, in nemi irin bishiyar a tsofaffin gidajen ma'aikata, in yanko biyu in musanya, wa zai sani? Na bi shi har tashar Makarfi, har na sa ƙafa ɗaya a mota. Sai na tuna matar nan ta yini a durƙushe a kan matata ba ta musanya mini komai ba. Ta yaya zan bar ta tana shinshina furen wasu tana kiran sunan uwarta? Na sauke ƙafata. Kwandasta ya ce, "Baba, in ba ka da niyya ka daina ɗaga mana rai." Na ce ya fi ni gaskiya.

Na samu Malama a ofis, na cire hula, na zauna a ƙasa, abin da ban taɓa yi mata ba. Na faɗa mata komai, har da ƙafar da na sa a mota. Na jira ta ce ai ta faɗa mini. Ba ta ce ba. Na jira ta jawo takardar tuhuma, wadda ake ba ma'aikaci ya amsa cikin kwana biyu kafin a kai maganarsa sama. Ba ta jawo ba. Kujera ta jawo, ta hau, ta sauko da karkataccen nan.

Ya ɗan yamutse kamar wuyan tsoho. Bakinsa ya bushe, ya rufe, ya yi tauri.

"Wannan ai makamashi ne, Malama."

"Wannan ne kaɗai mai rai. Ba zan rubuta komai ba, Baba. Amma abu biyu. Kai za ka faɗa wa Hajiya da bakinka, kuma kai za ka dasa shi."

"Ni? Bayan ɓarnar da na yi?"

"Hannunka ba shi da laifi. Kunnenka ne."

Washegari muka tafi tare. Na durƙusa gaban Hajiya na zaro rassan nan biyu na ajiye. Ta daɗe tana dubansu, ni ko da ƙasa ta tsage da na yi mata godiya. Sai Malama ta miƙa mata na ukun. Hajiya ta juya shi, ta shafa busasshen bakin da babban yatsa, sai ta ce, "Ikon Allah. Cibiya ce. Shekara talatin ina faɗa da mata su bar cibiyar jariri ta bushe, su daina kwaɓa mata tarkace, ga shi an kwaɓa wa tawa taki a gabana ina kallo. Tashi, Malam Tanimu. Laifin namu ne mu biyu, amma naka ya fi girma."

Na ce na karɓa.

Muka samu tsohuwar randa mai hujin gindi, na cika ta da yashin rafi da 'yar ƙasa kaɗan, na kafa reshen zurfin yatsa huɗu, na tokare shi da duwatsu. Muka ajiye ta ƙarƙashin bakin kwanon rufi, inda rana ke samu amma ruwan sama ba ya duka. Moɗa ɗaya na zuba. Ɗaya tak, Malama tana tsaye a kaina kamar ɗan sanda.

Daga nan na shiga aiki mafi wuya da na taɓa yi wa gwamnati, wato rashin yin komai. Ɗan fadama ya ga shuka a busasshiyar ƙasa ya wuce, wannan azumi ne ba lada. Hannuna har ƙaiƙayi yake. Hajiya ta gane, da ta ji sallamata sai ta ce, "Ku shigar da bokiti ɗaki, ga mai rake nan." Buta ma sai na gama alwala a waje ake karɓe ta.

A mako na shida na ga wasu 'yan jajayen abubuwa a kan reshen, kamar faratan zakara. Bayan kwana goma suka buɗe suka zama ganye, dogaye, sun fi na mangwaro faɗi. Da damina ta ja baya muka fasa randar, muka mayar da shi kan tudu a tsakiyar gida, nesa da rijiya.

Da sanyi ya shigo, ganyen nan suka zube tas. Na isa ofis da fuskar ta'aziyya. Malama ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Ka danna shi?"

"Na danna."

"Da tauri?"

"Da tauri."

"To barci yake. Kai ma in kana barci ba a yanka maka likkafani."

Da bazara ta zagayo, Hajiya ta aiko mu je, ni da Malama. Tun daga zaure ƙamshin ya tare mu, ba irin na turaren kwalba mai hawa kai ba, wani sanyayye ne da sai ka tsaya kake jinsa. A kan reshen nan da ko ganye bai gama mayarwa ba, ga fure cunkus, fari da rawaya a tsakiya kamar an raba dafaffen ƙwai. Hajiya ba ta tsinki ko ɗaya ba. Waɗanda suka faɗo ta tsince, ta zuba a cikin tsohon zanen da ta kawo rassan a ciki.

"Inna a akwatin kayanta take zuba su," in ji ta. "Duk zanen da ta goya ni da shi, wannan ƙamshin yake yi."

Ta kifa fuskarta a zanen, ta daɗe a haka. Malama ta juya tana duban lalle. An ce farin ruwan bishiyar nan in ya shiga ido yana sa hawaye. Ni ranar ban taɓa reshen ba, amma ku rubuta a fayil cewa shi ne.

Yau bishiyar ta wuce katangar Hajiya. Wadda kuke zama a ƙarƙashinta a ƙofar gandu kuna cin rogo, 'yarta ce. Akwai wata a gidana a Taba, a wurin da ya fi ko'ina bushewa. Duk bazara nakan yanki rassa in ɗora a kan rumfa, maƙwabta 'yan rake su wuce suna cewa tsufa ya kama Tanimu, yana shanya dashe. Sai in ce musu a fayil suke.

Abin da na koya shi ne, a aikinmu kowa ya iya zuba ruwa, riƙe hannu ne sai an sha wuya. Gadon kaka gaskiya ne, amma a gonar kaka. Na kuma koyi cewa shugaba na gari ba shi ne mai hana ka yin wauta ba, don ba ta hanuwa. Shi ne mai ajiye reshe ɗaya a gefe kafin ka gama. Malama Rakiya ita ce shugabar sashenku yanzu, Allah ya ƙara mata girma, ya saka wa iyayenta, duk da Kanawa ne. In kun ga ta hau kujera ta ɗora wani abu a kan kabad ta ce na fayil ne, kada ku yi dariya kamar yadda na yi. Ku dubi junanku. Ɗayanku ta hango.