Sunan da ke kan allo

Ban taɓa mantawa da ranar da Malama Rifkatu ta kira ni gefe ba. Tun kafin nan hankalina ba a kwance yake ba. Ni a aji uku na tsaya, kullum ina tsoron kada 'yata Hauwa'u ma ta tsaya a nan.

Aikin nani nake yi a wata firamare a Tudun Wada, wato shara da wanke wa ƙananan yara jiki, Hauwa'u kuma a lokacin tana aji ɗaya. A makarantarmu ba jarrabawar takarda kaɗai ake dubawa ba, sai yaro ya tashi ya karanta allo kafin ya wuce aji.

Malama ta ce, “Maman Hauwa, yarinyar nan a filin wasa aku ce, a aji kuwa dutse. In zango ya ƙare a haka, hedimasta zai ce ta maimaita.”

Washegari na yi ta share barandar da na riga na share, ina leƙe ta taga. Da aka ƙirga lamba, bakinta na motsi. Da aka zo karatun allo ta sunkuyar da kai. Na haɗa baƙaƙen allon da ƙyar, sai na gane. Yaron da Malama ke misali da shi kullum, mai akuya, mai ƙwallo, sunan maigidana ne da shi. A gidanmu 'ya ba ta kama sunan uba, ko ni ba na kamawa.

Da aka tashi tara na ce, “Malama, sunan nan ne.”

“Wane suna?”

“Na Annabin da ya raba teku.”

Ta dubi allo, ta dube ni, ta yi dariya har da hawaye. “Ashe ciwon gado ne. To, me kuke kiransa?”

“Kallamu.”

Ta goge, ta rubuta Kallamu. Bayan tara Hauwa'u ta miƙe ta karanta, har ta ƙara da cewa akuyar Kallamu ta mutu bara. Aji ya kwashe da dariya, ita ma ta yi. Bana tana aji biyu.

Malamai, don Allah, in yaro ya yi shiru kada ku yi saurin cewa ba ya ganewa. Ku tambayi uwarsa tukuna.