Fuskar Boniface a Yumɓu

Innocent mai zubin siminti ba ya karɓar gyara. Duk Sabon Gari an san shi da haka, shi ma ya sani, ko a jikinsa. Bayan yaƙin basasa ya dawo Kano da jakar kayan aiki ɗaya, ya kafa rumfa a hanyar Fagge. Da kuɗin fetur suka fara ambaliya, kowa ya yi gini sai ya so ado a gaban gida, Innocent ya yi ta zuba furanni da taurarin siminti. Amma abin taƙamarsa daban ne: a kawo masa hoton mamaci, ya tayar da fuskar a yumɓu, ya rufe ta da kwaɓin filasta ya sami mazubi, ya zuba siminti, a kafa a kan kabari. Dokarsa guda ce, inda hoto ya yi haske yumɓu ya tashi, inda ya yi duhu ya lotsa.

Da dokar nan ya yi ta cin tuwo har ranar da Adaeze, wadda ake kira Maman Ifeoma, mai sayar da atamfa a Kantin Kwari, ta kawo hoton mijinta Boniface, direban babbar mota da ya rasu a haɗari. Za ta hau jirgin ƙasa zuwa garinsu don addu'ar cika shekara, ta kuma yi wa tsohuwar uwarsa alkawarin kawo mata fuskar ɗanta.

Hoton kuwa guda ne tak, an ɗauke shi da rana tsaka. Goshi na ƙyalli, haƙora farare tas, inuwa ta cinye idanu. Innocent ya bi dokarsa, sai goshi ya fito da ƙulu, haƙora suka turo gaba, idanu suka zama ramuka. Ya rushe, ya rage tudun, fuska ta baje kamar faranti. Ya sake, hanci ya karkace. Ya zagi mai hoto, ya zagi yumɓu, kansa kaɗai ya bari.

Ranar ƙarshe da za a iya yin zubi har siminti ya bushe kafin jirgi ya tashi, Adaeze ta zo. Ya yaye tsumman da ya rufe aikin.

Ta daɗe tana kallo. "Oga Innocent, wane ne wannan?"

"Abin da hoto ya ba ni ke nan, Maman Ifeoma."

"To, hoton ya yi maka ƙarya. In na kai wa Mama wannan, ai na kashe ta."

Ya buɗe baki zai yi musu kamar yadda ya saba, sai ta riga shi. Ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Ni ma in na rufe ido ba na ganinsa sosai yanzu. Tsoro nake ji."

Ta rufe idon duk da haka, ta miƙa hannu ta ɗora a kan yumɓun. Ba wanda ya taɓa taɓa aikin Innocent bai sha tsawa ba, amma yau ya haɗiye. Yatsunta suka bi goshi, suka danne ƙulun. Ta tsaya a kumatu.

"Nan da cika. Ba ni ƙasa."

Ya miƙa mata. Ta cike ramukan idanu, ta mayar da haƙora ciki, ta faɗaɗa hanci. Shi yana biye yana shafewa da jiƙaƙƙen yatsa, zufa na ɗiga daga haɓarsa, yumɓu na neman bushewa ya tsage. Can sai hannunta ya tsaya. Ta tallafi kumatun da tafukanta biyu, ta buɗe ido, kuka ya ƙwace mata.

"Shi ne."

Innocent ya dubi kwanon filastar da ya riga ya kwaɓa don rufe aikin, ta fara kamawa. Dole ya yi magana, bai kuwa taɓa jin nauyin bakinsa kamar yau ba.

"Ki yi haƙuri ki ɗaga hannunki. Sai na rufe fuskar gaba ɗaya. In na ciro mazubi, wannan ta yumɓu ta lalace ke nan."

Ta goge hawaye da bayan hannu, yumɓu ya shafe mata kunci.

"Wancan karon a akwatin gawa aka kawo min shi, an riga an buga ƙusa," ta ce. "Ba ni kwanon. Ni zan rufe shi."