Ƙwai Masu Shekara Hamsin da Biyar

Yana da suna mai kyau a takardar haihuwa, amma rabon da a kira shi da shi tun yana aji uku. A ofis Injiniya ne. A gida Auta ne, duk da furfurar da ta fara yi wa gemunsa ƙawanya. Abokai kuwa Ina-Hanya suke ce masa, domin duk sa'ar da aka buga masa waya aka ce "kana ina?" amsar ke nan, ko da ana jin ƙarar ruwan wanka a bayansa.

Innarsu ta ce abin tun daga ciki ya faro. Likita ya ba ta rana, ranar ta zo ta wuce, mako biyu suka bi bayanta. "Da ya fito ma," in ji ta, "bai yi kuka ba sai da ya gama ƙare wa ɗakin kallo." A makaranta ya fi sanin mai gadin ƙofa a kan shugaban makarantar. Da ya yi aure, matarsa, malamar jinya ce, ta ɓullo da dabara: in biki na ƙarfe huɗu ne sai ta ce masa uku da minti ashirin. Wata guda ya yi ya gano, ya riƙa mayar da minti arba'in ɗin a zuciyarsa. Ta ƙara zuwa awa guda, shi ma ya ƙara. Yanzu haka in aka ce ƙarfe huɗu a gidan, yaran kan tambaya, "Na Mama ko na Baba?"

To wannan bawan Allah, shi ne wanda kamfaninsu ya ɗora wa duk wani aikin da ya shafi lokaci. Kamfanin ƙarami ne, hawa na biyu a saman wani shagon tayoyi, mutum tara da fanka uku, suna rubuta manhajar kwamfuta wa asibitoci da masu motocin haya. In manhaja ta ce majinyaci ya kwanta ƙarfe goma sha ɗaya na dare, an sallame shi ƙarfe biyu, don haka ya yi awa tara ƙasa da sifiri a gado, teburinsa ake kawowa. In ashirin da tara ga Fabrairu ta zo ta rikita kowa, shi ne. Akwai ranar da abokin aikinsa ya so saƙo ya tsaya a allo sakan biyar, ya rubuta dubu biyar, a zatonsa kowace dubu sakan guda ce, alhali a wurin sakan-sakan ake ƙirgawa, saƙon ya zauna daram fiye da awa guda. Injiniya ya iso ofis ƙarfe goma saura, ya leƙa ta kafaɗarsa, ya gano matsalar tun bai ajiye jaka ba. Manaja ya daɗe da daina yi masa faɗan latti. Ya ce da wanda zai zo ƙarfe takwas ya ɓata, gara wanda zai zo goma ya gyara.

Yana da huɗuba guda da duk wanda ya shigo kamfanin sai ya sha ta.

"Kwamfuta agogo biyu gare ta," zai ce, yana ɗaga yatsu. "Na farko kamar na bango ne. Shi ke gaya maka yau wace rana ce, ƙarfe nawa. Amma ɗan jin magana ne, in ya samu intanet sai ya tambayi manya, in sun ce ya yi gaba ya koma baya, in sun ce ya yi baya ya yi tsalle. Na biyu bai san rana ba, bai san wata ba. Tun sa'ar da aka kunna na'ura yake ƙirga ɗaya, biyu, uku, kuma ba ya waiwaye. In kana son ka san ƙarfe nawa, tambayi na farko. In kana son ka san tsawon lokacin da abu ya ɗauka, ka kuskura ka tambayi na farko, ni da kai ne."

Yayarsa kuwa, wadda ta goya shi yana jariri kuma har gobe take ganin tana da ikon jan kunnensa, ta yi ritaya daga koyarwa ta kama kiwon kaji. Sau biyu tana gwada ƙyanƙyasar ƙwai da wani akwati mai fitila, sau biyu ƙwan na dafuwa. Mijinta, tsohon direban motar asibiti, ya ce ya ba ta aron ɗakin ajiyarsa sau uku ne kacal. In na uku ya lalace, tayoyinsa da gwangwanayen fentinsa za su koma mazauninsu, kaji kuma a riƙa sayo su a kasuwa kamar kowa.

Sai ta kira Auta. Ya ce yana hanya, ya zo bayan kwana huɗu. Amma da ya zo ya yi aiki. Ya samo tsohon firji ya cire masa kayan ciki, ya sa abin ɗumamawa, da ƙaramar fanka, da tire mai karkata da kansa, da wata 'yar kwamfuta da ba ta fi tafin hannu ba, ya jona komai da batirin sola. Manhajar kuwa a tsaye ya rubuta ta, kofin shayi a ɗaya hannun. A juya ƙwai duk awa huɗu. In sun cika kwana sha takwas a daina juyawa. In an wuce kwana ashirin da uku a kashe ɗumi, don duk mai fitowa ya fito. Da ya zo wajen ƙirga kwanakin, hannunsa ya ɗan tsaya. Hanyar kirki tana bukatar ƙarin rabin awa. Sai ya rubuta: ɗauki ranar yau a agogon bango, ka cire ranar da aka zuba ƙwai.

"Kaji ne fa," ya ce wa kansa.

Abin da bai tuna ba, 'yar kwamfutar ba ta da batirin riƙe agogo, kuma intanet ɗin gidan ya ƙare tun watan jiya. Irin waɗannan na'urori daga ranar farko ta shekarar 1970 suke fara lissafin duniya, in ba su sami wanda za su tambaya ba, can suke tashi. Da yammacin da Yaya ta kunna injin ta jera ƙwai ɗari biyu da arba'in ta danna maɓalli, na'urar ta rubuta da zuciya ɗaya cewa an zuba su ɗaya ga Janairu, 1970. Kuma komai ya tafi daidai, tunda kuskuren bai da abokin gardama. Kwana ɗaya, kwana biyu, kwana goma.

Ranar wata Asabar da safe mijin Yaya ya sabunta intanet don zai kalli ƙwallo.

Injiniya na kan kujerar mai aski, an gama gefen dama ana shirin kama hagu, wayarsa ta yi ƙara.

"Auta, shekarata nawa?"

"Hamsin da biyu, Yaya. Lafiya?"

"To injinka ya ce ƙwaina sun girme ni. Ga shi nan a allo, kwana dubu ashirin da ɗari biyu da talatin da biyu. Na buga a waya, shekara hamsin da biyar ke nan. In gaishe su ne ko in jira su gaishe ni?"

Mai aski ya ce bai taɓa ganin mutum ya yi gumi a ƙarƙashin fanka da sauri haka ba.

"Yaya, taɓa gilashin. Da ɗumi?"

Da muryarta ta dawo, babu wasa a cikinta. "Ya huce. Fitilar ma a kashe take."

Ai dole. A ganin na'urar, ƙwan da ya shekara hamsin da biyar ba ya bukatar ɗumi. Ya ce ta rufa wa tiren bargo, ta cika robobi da ruwan zafi ta jera a ƙasa. Yana cikin magana ya jiyo muryar mijinta daga nesa, cikin natsuwar mutumin da ya san maganin komai.

"Matsa in cire filogin in mayar. Duk kayan wutar nan haka suke, a kashe a kunna."

"Yaya!" Har mai aski ya ja da baya. "Kada ki bar shi ya taɓa! Ki tsaya a gaban soket ɗin!"

Domin a wannan lokacin ya tuna abu na biyu. Ranar zuba ƙwai da ke cikin na'urar ƙarya ce, kuma bai sa ta ajiye wani tarihi ba. Wanda ya san gaskiyar kwanakin ƙwan nan a duk duniya shi ne agogo na biyu, mai ƙirgawa tun daga kunnawa. Ana cire filogi zai koma sifiri.

"Wace rana kika zuba su?" ya tambaya, yana laluben takalmi.

"Talata."

"Alhamis," in ji muryar nesa. "Ranar da na kai mota wanki."

"Kai da kake kai mota wanki duk ranar da aka ce ka taya ni aiki?"

Ya fita da ƙyallen aski a wuya, sai da mai shagon ya biyo shi ya karɓe. Tafiyar da ya saba yi a awa biyu, har da tsayawa gaisuwa da sayen abin da ba a aike shi ba, ranar a minti talatin da biyar ya yi ta. Ya tarar da Yaya ta kafa kujera a gaban soket ta zauna, hannu a harɗe, mijinta na tsaye yana bayanin yadda ya taɓa tayar da motar asibiti da dabarar a kashe a kunna. Suka dubi kansa, rabi fes rabi daji. Ba wanda ya yi dariya, abin da ya nuna masa lallai lamarin ya kai.

Ya durƙusa ya jona kwamfutarsa da igiya. Kafin ya taɓa komai ya tambayi agogo na biyu. Lamba ta fito: 1,447,200. Ya karɓi biro a aljihun mijin Yaya ya rubuta ta a tafin hannunsa, sannan ya kunna ɗumi. Fitila ta kama, fanka ta fara juyawa.

"Sakan miliyan ɗaya da dubu ɗari huɗu da arba'in da bakwai da ɗari biyu," ya ce. "Kwana sha shida da awa sha takwas. Laraba kika zuba su, da yamma."

"Na ce ba Alhamis ba ce," in ji Yaya.

"Na ce ba Talata ba ce," in ji mijinta. Kowa ya gamsu ya yi nasara.

Injiniya ya zauna a kan wani gwangwanin fenti ya yi aikin rabin awar nan da ya tsallake. Ya sa na'urar ta riƙa tara mintocinta da kanta tana adanawa, yadda ko an kashe ta za ta ci gaba daga inda ta tsaya, kuma kowace shekara intanet ya ce mata ana ciki, ta ce ta ji. Yaya na tsaye a kansa.

"Wato ka san hanyar tun farko?"

"Na sani, Yaya."

"Ita kake koya wa mutane a ofis?"

"Ita ce."

"Ni ce dai ban kai ba."

Ya gwammace ta ja kunnen.

Awa huɗu ƙwan suka yi a sanyi, kuma babu lissafin da zai faɗi abin da hakan ya yi musu. Lahadi da yamma injin ya daina juyawa, daidai kan ƙa'ida. Laraba ta cika kwana ashirin da ɗaya. Injiniya ya ɗauki hutu a ofis ya zo ya zauna gaban gilashi tun hantsi. Babu ko tsaga. Mijin Yaya ya shigo sau biyu, an ga yana auna bango da ido, irin na mai tunanin inda tayoyi za su zauna. Yaya ta kawo wa ƙanenta abinci, ta ɗauke shi yadda ta kawo.

Alhamis da safe yana goge baki ta kira. Sai ta kara wayar a jikin gilashin. Wata 'yar ƙara ce siririya, sannan wata, sannan suka haɗu da yawa kamar ana murza sabon takalmi a kan tayil.

Kafin la'asar ɗari da tamanin da bakwai sun fito, jiƙe-jiƙe, suna tangaɗi suna taka juna. Yaya ta ɗora masa kwali a cinya tana zuba su ciki biyu-biyu, tana ƙirgawa da ƙarfi don mai tayoyi ya ji daga tsakar gida. Ya ji. Ya leƙo, ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaya ko ana bukatar ya kafa wani katako a bangon can, tunda ga alama za a daɗe.

"Kafa biyu," in ji Yaya. Ta juyo ga Auta, wanda wani ɗan tsako ya haye masa babban yatsa. "Mako mai zuwa na agwagwa zan zuba. Su kwana ashirin da takwas suke yi. Injin naka ya iya ƙirga har can, ko in nemo alli in riƙa zana kwanakin a bango?"

"Ya iya, Yaya."

"To. Zan dai nemo allin."