Ku Bar wa Hedimasta Larabarsa

Daga Allah muke, kuma gare Shi makomarmu take. Da hantsin ranar Asabar, tara ga watan Mayu, babban ɗanka ya kira ni ya shaida mini cewa Mai kowa ya karɓi abinSa. Kwana biyu kacal ka yi a gadon asibiti, Hedimasta. Ranar Laraba muna tare a zauren majalisa, kafaɗa da kafaɗa, a layin ƙarshe inda muka shekara goma sha ɗaya muna zama. Ranar Asabar da la'asar kuma ina cikin waɗanda suka raka ka makwancinka. Na girme ka da shekara shida, ban taɓa kawo wa raina cewa ni zan rubuta maka wannan ba.

An saba tausasa harshe a irin wannan rubutu, kuma zan yi bakin ƙoƙarina. Amma ina neman afuwar masu karatu tun daga farko, domin akwai abin da ake shirin yi da sunanka ranar Laraba mai zuwa, wanda yin shiru a kansa cin amanarka ne.

Wanda bai san majalisa ba yakan zaci duk wakilin da jama'a suka zaɓa yana da bakin magana daidai da na kowa. Ba haka abin yake ba. Kusan dukan lokacin zama na gwamnati ne. Mu da ba mu riƙe da muƙamin komai, mu 'yan kujerun baya, abin da dokokin zaure suka yanka mana shi ne awa biyu, daga ƙarfe biyu zuwa huɗu, Laraba ɗaya cikin kowane mako biyu. A farkon shekarar zama Akawun Majalisa yakan zuba sunayenmu cikin wani akwatin katako, ya girgiza, ya zaro ashirin. Bisa wannan jeri ake kiran ƙudurorinmu. Duk ƙudurin da shekara ta ƙare ba a kammala shi ba, ya faɗi ke nan, sai mai shi ya koma akwati ya jira sa'a.

Kai kuwa ƙuduri ɗaya ya kawo ka majalisa. Shekara ashirin da biyu kana shugabantar makarantar firamare a gefen gari, kusa da wani rami da masu fasa dutse suka haƙa suka tafi suka bari. A damina ɗaya ramin ya ci maka ɗalibai uku. Ɗaya daga cikinsu da hannunka ka ɗauke shi ka kai wa uwarsa, rigar makaranta na ɗigar ruwa. Ba ka taɓa ba ni labarin nan ba, daga bakin mai ɗakinka na ji shi. Abin da ƙudurinka yake nema bai wuce shafi huɗu ba: duk wanda ya haƙa rami ya kwashi dutse, to ya cike shi ko ya katange shi kafin ya ɗauke injinansa.

Na san mutane da yawa a zauren nan da za su ce ka taimake su, kuma gaskiya za su faɗa. Sabon wakili zai zo da takardarsa a hargitse, ka zaro jan biron nan naka, ka gyara masa jimla bayan jimla, ka nuna masa dokar zaure da zai dogara da ita, ba ka tambayi jam'iyyarsa ba. Wakiliyar da aka hana magana sau uku a kan batun asibitin mazaɓarta, kai ka bi ta har bakin ƙofa ka ce mata, "Ƙanwata, kada ki fita. In kin fita sun huta." Ta dawo ta zauna. Masu shara da masu gadin ƙofa kuwa ka san su ɗaya bayan ɗaya, har da ajin da 'ya'yansu suke.

Amma manyan zaure wani suna suka laƙa maka: Sarkin Laraba. Sun laƙa maka shi ne domin kai kaɗai kake miƙewa duk lokacin da aka taɓa awa biyun nan. Kuma ana taɓa su kullum. Wata rana Jagoran Masu Rinjaye ya miƙe ya ce akwai aikin gwamnati na gaggawa, a ara masa lokacin. Wata rana minista ya zo da bayani mai shafi talatin daidai ƙarfe biyu saura. Wata rana Bulaliyar Majalisa ya ɗaga gira, mutanensa su sulale zuwa ɗakin shan shayi, sannan wani ya miƙe ya ce adadin da ke zaure bai kai a ci gaba da zama ba. Kana da littafi irin na kiran sunan ɗalibai, kana rubuta kowace Laraba da aka cinye da sunan wanda ya cinye ta. Suna yi wa littafin dariya a fili, amma na sha ganin suna satar kallonsa.

Dole in faɗi nawa laifin, in ba haka ba ban cancanci in nuna kowa da yatsa ba. A shekararka ta huɗu sunanka ya fito na bakwai, aka zo gab da kiran ƙudurinka. Abin da ke gabansa wata 'yar magana ce a kan launin lambar motocin hukuma. Bulaliya ya tare ni a baranda ya ce, "Dattijo, muna son mu ji hikimarka a kan batun nan, har zuwa ƙarfe huɗu." Ya kuma ambaci kujerar shugaban wani kwamiti da ba kowa a kai. Na miƙe na yi minti arba'in da biyar ina zuba a kan launin lambar mota. Kana zaune a gefena, takardunka a kan cinya. Da muryata ta fara dushewa, sai ka turo mini kofin ruwanka, ka ce a hankali, "Sha, Yaya. Saura minti goma sha biyu, kada ka gaza aikin da aka sa ka." Na sha, na kuma ƙarasa. Wata takwas na yi a kujerar aka sauke ni. Har ka bar duniya ba ka sake tayar mini da zancen ba, kuma da ɗiyata ta kwanta ciwo, kai ka fara isa asibiti kafin 'yan'uwana.

Bana Allah ya sa sunanka ya fito na ɗaya. Ƙudurin ya tsallake karatu na biyu a watan Nuwamba, kwamiti ya zauna a kansa wata huɗu kafin ya sako shi, ya rage karatu na uku kawai, aikin da bai kai awa ɗaya ba. Tun daga nan Laraba huɗu ta zo, aka cinye duka huɗun. Ina so masu karatu su lura da wani abu: a shekara goma sha ɗaya, ba a taɓa samun wakili ɗaya da ya miƙe ya ce bai yarda a cike ramin da ke cin yara ba. Ba wanda zai iya komawa mazaɓarsa da wannan magana. Shi ya sa ba sa kayar da ƙudurin da ƙuri'a, sai da agogo, domin agogo ba ya barin sunan kowa a rubuce. Su wane ne ke amfana, ba sai na faɗa ba. Duk mun ga masu zaryar ofishin Jagora a makonnin nan, kuma mun san sana'arsu.

Ranar shida ga Mayu, Larabarka ta ƙarshe a duniya, Jagora ya sake neman aron lokacin, domin wani minista ya yi bayanin sauya sunan ma'aikatarsa. Ka miƙe ka ce, "Ya mai girma Kakaki, ina tunatar da zaure doka ta arba'in da biyu." Wani daga gaba ya yi ihu, "Sarkin Laraba ya farka!" Aka fashe da dariya. Jagora ya juyo yana murmushi ya ce, "Hedimasta, a yi haƙuri mana. Ramin nan ai ba gudu zai yi ba."

Ka ce, "Gaskiya ne, ranka ya daɗe, ba ya gudu. Yara ne suke zuwa wurinsa. Ga hadari ya fara haɗuwa."

Dariyar ta tsaya. Domin ya rufe bakinka, Jagora ya yi alkawari a gaban kowa, an kuma rubuta, cewa Larabar ashirin ga wata taka ce, ba mai taɓa ta. Ita ce Larabarmu ta ƙarshe kafin a rufe shekarar zama. Ban ce abin da ya faru ran nan ne ya kwantar da kai ba, kwana ne ya ƙare, kuma ba mai ƙara wa wani numfashi ko rage masa. Amma ina gefenka lokacin da ka buɗe littafinka ka rubuta wannan Larabar ma.

Kwana uku bayan rasuwarka Jagora ya zo gidanka gaisuwa, da ayarin motoci da masu ɗaukar hoto. Ya zauna a falonka, ƙarƙashin hoton ɗalibanka, ya share ido da hankici, ya kira ka ginshiƙin majalisa. Sannan ya sanar cewa, domin girmama ka, majalisa za ta keɓe zaman ranar Laraba ashirin ga wata kacokan ga jawaban yabonka, daga nan a tashi. Mutane suka ɗauki kabbara da godiya, domin ba su san abin da aka faɗa musu ba. Ni na sani. Dokar zaure ta ce in mai ƙuduri ya rasu, kowane wakili yana iya ɗaukar ƙudurin a lokacin da aka kira shi. In ba a kira shi ba har aka rufe shekara, ya bi mai shi. Ma'anar wannan karramawa ita ce a binne ƙudurinka da yabonka, a kuma samu godiyar iyalinka a kai.

Sai dai sun manta da wadda ta shekara goma sha ɗaya tana jiran ka dawo gida duk Laraba. Mai ɗakinka ta tsaya daga bakin ƙofar ciki ta ce, "Mun gode, ranka ya daɗe. Amma ranar Talata ba ku zama ne?"

Ya ce, "Muna zama, Hajiya, sai dai Talata ranar aikin gwamnati ce."

Ta ce, "To ku yabe shi a cikin naku lokacin mana. Wannan nasa ne."

Ya duba agogonsa, ya ce a yi addu'a. Washegari takardar jadawalin zama ta fito kamar yadda ya faɗa, kuma sunana ne na farko cikin masu jawabi, an ware mini minti ashirin, wai ni ne babban amininka. Wato a karo na biyu ana so in miƙe in cinye maka lokaci da bakina.

Na rubuta wa Kakaki cewa a cire sunana. Ga ta'aziyyata nan na kawo ta jarida, inda ba ta cin minti ɗaya daga Larabar kowa. Duk wakilin da ke da yabo a bakinsa, shafin nan a buɗe yake, ya zo ya rubuta. Ranar Laraba da ƙarfe biyu, in Allah ya kai mu, zan miƙe da sandata in faɗi jimla ɗaya: a kira ƙudurin Hedimasta, na ɗauke shi. Jagora zai ƙi. Doka ta ce in wakilai arba'in suka miƙe tare da ni, dole Kakaki ya sa a kaɗa ƙuri'a, a kira kowa da sunansa, ya faɗi matsayinsa da bakinsa. Zuwa safiyar yau mutum ashirin da uku ne suka ba ni kalmarsu, cikinsu har da wakiliyar nan da ka mayar daga bakin ƙofa. Saura goma sha bakwai. Ina magana da ku da jan bironsa ya bi ta kan takardunku, ku da kuka cika gidansa kuna cewa an yi babban rashi. Ba a nemi ku yi jawabi ba, ba a nemi ku yi faɗa da kowa ba. A tashi tsaye kawai aka ce. Wanda ya zaɓi ɗakin shan shayi ran nan, ya sani littafin Hedimasta yana hannuna, iyalinsa sun danƙa mini, kuma zan ci gaba daga layin da ya tsaya.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa, Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haskaka shi. Ka sa duk yaron da ya koya wa karatu ya zama hujja gare shi, Ka haɗa shi da yaran nan uku a gidan da babu firgita. Ka yafe mini abin da na yi masa, yadda shi ya yafe tun ban roƙa ba. Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinsa, da 'ya'yansa biyar, da jikokinsa, da ƙanwarsa, da tsofaffin ɗalibansa, da iyayen da suka aiko shi majalisa suna jiran amsa. Allah ya ba ku haƙurin rashinsa, ya albarkaci bayansa. Mu kuma da muka rage a layin baya, Allah ya ba ƙafafunmu ƙarfi ranar Laraba, in tamu ta zo ya sa mu cika da imani. Amin.